Ranar da Gwadabe Ya Kashe Surukinsa a Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa shan ruwan rijiya tsakanin garuruwan Fassi da Saji a ƙasar Kibiya, to da wuya in bai sha gumin Gwadabe ba. Shi da bakinsa yake faɗa, har ya ƙara da cewa a wasu rijiyoyin ba gumi kaɗai ya bari ba, don mutumin da ke gaba goma a ƙarƙashin ƙasa ba ya hawowa saboda ɗan fitsari. Tun ranar da ya faɗi haka a gidan suna mata suka daina yi masa tambaya a kan sana'arsa.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kuma idan yana magana sai ka ce da wani yake a ƙasan rami, don shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana ɗaga murya ana ji daga sama. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya fara bin wansa Isyaku haƙar rijiya da yasa. Isyaku ne ya koya masa ɗanɗana ƙasa, ya koya masa saran matakala a jikin rami, ya kuma koya masa dokar da ta fi kowace. Kafin ɗan Adam ya sa ƙafa a rijiya, sai an ɗaure aci-balbal a igiya an zura ta tana ci. In ta kai ƙasa da wutarta, bismillah. In ta mutu a hanya, to aljanin rijiyar yana gida, kowa ya kama kansa.

Isyakun da ya koyar da dokar shi ya karya ta, sau ɗaya tak. A Saji ne, shekarar babban fari. Fitila ba kananzir, sai ya aiki Gwadabe ya sayo. Gwadabe ya tarar ana wasa da kura a bakin kasuwa, ya tsaya kallo da kwalba a hannu har rana ta take tsaka. Isyaku ya gaji da jira ya shiga. Da ƙugiya aka fito da shi. Gwadabe bai taɓa ba kowa labarin kurar nan ba, har matarsa Saude, amma daga ranar ko rijiyar gaba biyu ce sai ya zura fitila.

Shi ya yarda da aljanin kuwa? Oho masa. Abin da yake cewa shi ne, in ka gaya wa mutumin ƙasar nan iskar ramin ba ta da kyau, sai ya leƙa ya shinshina, ya ce shi bai ji komai ba, ya tuɓe riga. In ka ce aljani, har maigari sai ya ja da baya.

Abu biyu suka taru suka karya masa kasuwa. Da aka ƙaddamar da Shari'a, wani tela a garinsu mai suna Ɗanmalam ya ɗage wandonsa, ya saki gemu, ya shiga wa'azi bayan La'asar. Da ya gama da masu kalangu da masu caca sai ya waiwayo kan fitilar Gwadabe, ya ce camfi ce tsagwaronta.

“Aljanin da ke ratsa bango,” in ji Ɗanmalam, “shi ne zai zauna a rami yana hure gwangwanin madara?”

“Ga igiya,” Gwadabe ya ce masa a gaban jama'a, “sauka ka tambaye shi.”

An yi dariya, amma wa'azi ya kama. Sai kuma siyasa ta zo da nata. Duk kakar zaɓe sai ka ga mota ta shigo da ƙara, an huda ƙasa cikin kwana biyu, an kafa fanfon tuƙa-tuƙa da allon suna wanda ya fi ruwan yawa. Wa zai kira tsoho da diga? Gwadabe ya koma zaman gindin darbejiya yana tufka igiyar da ba wanda ya ce yana so, aci-balbal kuma ta koma ƙarƙashin gado.

Shekarar da aka yi zaɓe da na'urar tantance kati, fanfon unguwarsu ya mutu mako uku bayan zaɓen, tun ba a kai ga rantsar da waɗanda suka ci ba. Bazara ce, ana zafi kamar a toya ƙwai a tsakar gida. Sai aka tuna da tsohuwar rijiyar masallaci, mai gaba goma sha biyu, wadda ta shekara takwas a rufe da kwanon rufi da itace. Ƙungiyar ci gaban unguwa ta zauna ta yanke a yashe ta ranar Asabar. Ba a nemi Gwadabe ba, alhali shi ya haƙa ta. Sakataren ƙungiya ya kawo dabarar zamani: za a aro injin ban ruwa daga fadama, a zura shi cikin rijiyar, don daga sama ba zai iya zuƙo ruwa mai nisa haka ba, shi kuma ya sauka ya tayar da shi, a kwashe ruɓaɓɓen ruwa cikin awa ɗaya.

Sakataren nan kuwa ba kowa ba ne illa Muntari, malamin kimiyya a wata sakandare a Rano, mijin Ramlatu, autar Gwadabe. Ramlatun kuma ga ta nan a gida ta zo goyon ciki, wata tara ya kama, ko tsugunawa ba ta iyawa.

Da Gwadabe ya ji, tuwo ya ƙi wucewa. Inji mai hayaƙi a ƙasan ramin da ya shekara takwas a rufe! Da wani ne daban, da tuni ya je ya ci kwalarsa ya zage shi tas, uwa da uba, har sai ya ji. To amma suruki ne. Muntari in zai shigo gidan tun daga ƙofar zaure yake cire takalmi, ya tsuguna can nesa, ya kafa wa ƙasa ido kamar ya yar da allura. Ranar Talata da ya zo duba matarsa, Gwadabe ya daure ya yi gyaran murya.

“An ce ranar Asabar za ku taɓa rijiyar masallaci.”

“E, Baba, in Allah ya kai mu.”

“Injin nan kada ya shiga ciki. Kuma a zura fitila tukuna.”

“To, Baba.”

Shi ke nan. Gwadabe ya san wannan “to” ɗin, don shi ma ya sha yi wa uban Saude ita. Babu gardama a cikinta balle ka kama, babu alkawari balle ka riƙe. Ya bi ta wajen Saude, Saude ta gaya wa Ramlatu, Ramlatu ta gaya wa mijinta. Kafin saƙo ya isa ya zama “Baba ya ce ka yi hattara da aljanu,” Muntari ya yi murmushi ya ce Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ran Gwadabe ya ɓaci, tsoro kuma ya kama shi sosai, irin wanda rabonsa da shi tun Saji.

Ranar Laraba da hantsi yana zaune yana huci sai ya ji Ramlatu tana faɗa ita kaɗai a ƙarƙashin rumfa.

“Kai Kansila, uban wa ya ce ka kwanta? Tashi ka kwashe masai!”

Ya leƙa. Ta miƙe kumburarrun ƙafafu, ta ɗora kwamfutar da mijinta ya bar mata don ɗebe kewa a kan turmi. A jikin gilashin ga wasu 'yan mitsi-mitsin mutane uku suna kai da kawowa a cikin ramuka.

“Ke, su wane ne waɗannan?”

“Wasa ne, Baba. Jirginsu ya kai su wata duniya can gaba da wata. A waje babu iskar shaƙa, shi ne suke haƙa ƙasa suna gina gari a ciki. Ni ke ba su umarni. Ruwa, abinci, iska, ƙarfe, komai sai sun nemo, in ɗaya ya ƙare su mutu. Mai gidan ya ce masana kimiyya suka tsara shi, komai na ciki gaskiya ne. Ga shi nan, shi ya sa musu suna. Wannan Muntari, wannan ni ce, wancan Kansila.”

Gwadabe ya ji an ce haƙa, sai ya jawo kujerar tsugune. Bai yi minti biyar ba ya fara tsaki.

“Gaskiya? Wannan ɗan tsurut ɗin ya huda dutse gaba uku yanzun nan. Ina ƙasar da ya tono?”

“Ta shiga jakarsa.”

“Jakar uwarsa! Ramin gaba uku jaki ashirin ba sa kwashe ƙasarsa. Wanda ya yi wasan nan bai taɓa riƙe shebur ba.”

Ya ga sun shuka wani ganye, kafin Saude ta gama tankaɗe har ya nuna an girbe. Ya ce to mutanen Kibiya su daina wahalar da kansu da albasa, su tattara su koma can. Ya ga sun tono jan dutse sun jefa a akwati, ƙofar ƙarfe ta fito ta ɗaya gefen, ba maƙeri ba zugazugi. Ya ga rami mai faɗin ɗaki huɗu ba ginshiƙi ko ɗaya, ya ce wallahi da a Fassi ne da tuni ana zaman makoki. Da aka zo kan ruwa kuwa har Saude sai da ta ajiye rariya, don Ramlatu ta nuna musu bututun da ke ɗauko ruwan masai ya bi ta cikin inji ya dawo randar sha.

“A'uzubillahi!” in ji Saude. “Da shi suke alwala?”

“Ba sa salla, Inna.”

“Ai dole.”

“Sun ma san gabas?” Gwadabe ya ce. “Mutanen da suka baro ƙasa gaba ɗaya, sai dai su kalli ƙarƙashin ƙafarsu su kabbarta.”

Yana cikin dariya sai idonsa ya sauka a can ƙasan gilashin. Ɗakunan sama duk launinsu garau, amma a rami na can ƙarshe wani duhu-duhu ya kwanta, ya cika lungu ya yi lebur kamar ruwa a kwano. Kansila ya shiga ɗauko kaya, sai ga shi ya kumbura kumatu, ya fito da gudu yana haki.

“Tsaya. Mene ne wancan baƙin?”

“Mugunyar iska ce, Baba. Numfashinsu da hayaƙin inji ke kawo ta. Ta fi mai kyau nauyi, shi ya sa take gangarawa ta kwanta a ƙasa.”

“Tana wari?”

“A'a. Sai dai mutum ya ji jiri kawai.”

Gwadabe ya matso da fuskarsa har numfashinsa yana dusashe gilashin. Shekara arba'in yana zura wa abin nan fitila, bai taɓa ganin fuskarsa ba sai yau.

“Ƙaryarsu tara,” ya ce a hankali, “amma wannan ɗayar, wanda ya sa ta ya taɓa rasa wani a rami.”

Ranar Alhamis shi da kansa ya rungumi kwamfutar a cikin zanen Saude ya kai wa mai caji, ya tsaya a kanta har ta cika. Da ya dawo ya ajiye ta a kan turmi ya ce da Ramlatu ta buɗe, yau shi ne injiniya.

Ya sa aka haƙa rami miƙaƙƙe, tsawon mutum goma sha biyu, ba ƙofa ta gefe. Ya sa aka bar ɗan ruwa a ƙasa, aka yi ɗan dakali sama da ruwan kaɗan, aka ɗora inji a kai. Har baki ya sa aka ƙuntata, daidai yadda ya gina na rijiyar masallaci da hannunsa.

“To, tura shi ya tayar da injin.”

“Kansila?”

“Kansila ya taɓa shiga rami don jama'a? Mijinki.”

Ramlatu ta dafe ƙirji. “Haba Baba! Da tsohon cikin nan za ka sa in kashe mijina?”

“Kashe na gilashi, 'yar nan, ko na tsoka ya kai Lahadi.”

Ta dube shi, ta ga ba wasa a fuskarsa, ta danna. Muntarin gilashi ya sauka tsani da kuzarinsa, ya ja inji ya tashi. Baƙin nan ya fara taruwa a ƙafarsa, ya kai gwiwa, ya kai ƙirji. Saude tana ta salati tana cewa su ji tsoron Allah. Gwadabe da farko dariya yake, yana cewa, “To, Baba! Ka ce to, Baba mana!” Da abin ya rufe kan ɗan mutumin sai ya saki inji ya kama tsani, ya hau taki ɗaya, biyu, uku, a na huɗu hannunsa ya saki.

Dariyar Gwadabe ta ɗauke. A Saji ma a matakala ta huɗu aka ga shatin yatsun Isyaku a jikin laka. Ya miƙe ya ce a bar shi haka kada a taɓa komai, ya shige zaure.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Muntari ya zo. Ya yi tsugunonsa, ya yi gaisuwarsa, ya wuce rumfa. Gwadabe ya zauna a bayan zana da igiya a hannu, wai tufka yake, kunnensa kuwa duk yana can. Ya ji an buɗe kwamfuta. Sai ga muryar Muntari.

“Ramlatu, wa ya kashe ni?”

“Surukinka.”

“Baba? Baba ya taɓa kwamfuta?”

“Shi ya zana ramin, ni na danna. Ƙirga tsawonsa.”

Muntari ya ƙirga har goma sha biyu. Can Gwadabe ya ji Muntari yana magana ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa kansa faɗa, yana cewa shekara shida yana rubuta wannan a allo, yana ba yara jarrabawa a kansa, har yana dukan wanda ya faɗi. Da zai tafi ya tsuguna ya fi na kullum daɗewa, amma ban da “sai da safe, Baba” bai ce komai ba. Gwadabe ya rasa gane ko saƙo ya shiga ko kuwa wata “to” ɗin ce aka yi masa da shiru.

Asabar da sassafe unguwa ta taru a bakin rijiya. An ɗage kwano, ga inji a kan baro, ga mesa an naɗe, ga Ɗanmalam ya zo sa albarka. Gwadabe ya tsaya can gefe da babbar riga, ya riga ya ƙudurta cewa in yaron nan ya kama igiya, to yau surukuta za ta mutu, don sai ya rungume shi ta baya ko da za a yi shekara ana ba da labari.

Muntari ya naɗe ƙafar wando. Ya dubi inji, ya dubi rami. Sai ya ratso jama'a ya zo gaban Gwadabe, ya cire takalmi, ya tsuguna.

“Baba, ko fitilar nan tana kusa?”

“Wace fitila? Ta camfi?”

“Ita, Baba.”

Gwadabe ya sa hannu a aljihu ya fito da ita, an goge ta, an sa sabon lagwani, kananzir har wuya.

Ɗanmalam ya yi tsalle ya ce ba za a dawo da jahiliyya a ƙofar masallaci ba. Muntari ya miƙe ya yi wa jama'a bayani da muryar aji, cewa wuta da mutum abu ɗaya suke shaƙa, inda wuta ta kasa rayuwa mutum ma ba zai rayu ba, babu ruwan aljani. Ɗanmalam ya shafa gemu ya ce in dai kimiyya ce to babu laifi, dama shi lafazin ne bai gamshe shi ba. Ya ma matso gaba ya leƙa don ya ga ƙarshen ƙarya.

Gwadabe ya kunna, ya fara sakin igiya yana ƙirgawa da ƙarfi. Gaba biyar tana ci. Gaba shida. A bakwai wutar ta yi ja, ta tsuke. A takwas ta mutu murus, kamar an sa yatsa an danne.

Wanda ya fara ja da baya Ɗanmalam ne, da a'uziyya a bakinsa, har ya bar takalmi ɗaya a taɓo. Da aka tambaye shi daga baya ya ce kimiyyar ya kauce wa.

Injin nan ko tayar da shi ba a yi ba, a baronsa ya koma fadama. Gwadabe ya sa aka saro rassan darbejiya masu ganye aka ɗaure a igiya, majiya ƙarfi suka yi ta zurawa suna fizgowa har Azahar, yana tsaye a kansu yana zagin duk wanda ya yi sanyi, ransa fes. Sai a zurawa ta huɗu fitila ta kai ruwa da wutarta. Aka kwashe ruwan da guga, irin na da. Da lokacin shiga ya yi Muntari ne ya sauka, da igiya a ƙugu, kuma duk samarin da suka miƙo hannu Gwadabe ya ƙi ba kowa ɗaya bakin igiyar. Ya naɗe ta a damtsensa har ta yi masa shati, bai saki ba sai da ya ga surukinsa a waje, laka har gira, yana neman inda zai tsuguna.

Da yamma ya dawo gida ya tarar da Ramlatu a rumfa, labari ya riga shi isowa. Ya zauna a kujerar tsugune yana murza damtse. A gilashin ɗan mutumin yana nan kwance a gindin tsani inda suka bar shi.

“Sai ku yi masa sutura,” ya ce. “Ya yi aikinsa.”

“Wace sutura, Baba? Ai dawo da shi zan yi. Ana iya komawa baya, kafin a tura shi.”

“Komawa ina?”

“Jiya, ko shekaranjiya, duk inda mutum yake so. Duba ka gani.”

Ta danna wani abu. Gilashin ya yi duhu ya sake haske. Ga Muntarin gilashi a tsaye a bakin rami, lafiyarsa ƙalau, yana sosa ƙeya, bai sauka ba tukuna.

Gwadabe ya daɗe yana kallonsa. Ramlatu tana jira ya yi tsakin nan nasa ya ce ƙarya ta goma, sai ta ga idonsa ya kawo ruwa, abin da ba ta taɓa gani ba tun da aka haife ta.

“Har shekara nawa yake komawa?” ya tambaya.

“Baba, wasa ne fa.”

“Na sani.”

Ya ciro aci-balbal daga aljihu, ya girgiza ta kusa da kunnensa ya ji sauran kananzir. Sannan ya ɗaga murya ya kira Saude, ya ce ta ajiye abin da take yi ta zo ta zauna, akwai labarin wata kura da bai taɓa ba ta ba.